Gwajin Jinin Gado Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon amosanin jini, wato AS. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da jariri SS, kuma lafiyar ɗan fari ba ta rage wa na biyu haɗari ko kaɗan. Wannan ne ya sa iyaye ke neman takardar gwaji kafin a sa ranar aure.

A shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku, fita daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ta zama kasada. Wanda ya ɗanɗani wannan wahala ba zai rasa ganin sauƙi ba a tallar da ke cewa ya aika yawu ko ɗigon jini, sakamako ya same shi a waya ba tare da likita ba. To amma wa ya auna ma'aunin? Akwai gwaji mai arha da ke nuna alamar S kawai, ba ya bambanta AS da SS. Haka kuma wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, sakamakonsa na iya ruɗarwa. Takarda ɗaya mai kuskure tana iya ɗaura auren da zai cika gida da jinya, ko ta rusa wanda ba shi da aibi.

Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024. Madalla, sai dai wajabta gwaji daban, tsare ingancinsa daban. Tun 2003 akwai dokar hukumar MLSCN mai sa ido kan ɗakunan gwaji. Ya kamata a ce sakamakon ɗakin da ta yi wa rajista kaɗai za a karɓa wajen ɗaurin aure, kuma ma'aikacin lafiya ne zai fassara shi.

Amurka ta riga ta ga irin wannan. A 2013 hukumar FDA ta dakatar da kamfanin 23andMe daga tallata gwajinsa na lafiya. A 2023 ɓarayin intanet suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 6.9 daga wurinsa, a 2025 kuma ya durƙushe. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan ƙwayoyin gado cikin masu bukatar tsaro na musamman, amma kamfanin da ke ƙetare yana da wuyar kamu. Ga shi kuma yawun saurayi ɗaya yana bayyana sirrin iyayensa da ƙannensa, waɗanda ba a nemi yardarsu ba.