Mai Sayen Sirdin Sata Shi Ne Uban Ɓarayi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, mutanenmu da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Mai shayi, mai wankin hula, ɗan aiken shago, yaro mai zuwa Islamiyya, duk keke ne ƙafarsu. To, sai ga wata annoba ta biyo baya. Mutum ya jingine kekensa a ƙofar masallaci, kafin liman ya sallame an zare famfo, an kwance ƙararrawa, an tuge fitila. Wani ma sirdin ake cirewa ɗungurungum, ya koma gida yana tura keke kamar mai jan akuya.

Abin takaici, dariya muke yi. "Ai yara ne." "Ai ƙararrawa ce kawai." Har na ji mai cewa abin bai kai nisabi ba. Malam, nisabi maganar haddi ce, rubu'in dinari kamar yadda muka karanta a fiƙihu, ba ita ke halatta dukiyar wani ba. Allura ka ɗauka ba da yardar mai ita ba, haƙƙi ne a wuyanka har gaban Allah. Kuma ƙanƙantar abu a wurin wa? Wanda ribarsa ta yini ba ta wuce kuɗin cefane ba, feda guda aka cire masa an hana iyalinsa tuwon dare.

Amma ni ba da yaran nake faɗa ba tukuna. Yaro ba ya cin sirdi, ba ya shan famfo. Yana kwancewa ne don ya san inda zai kai a miƙo masa canji ba tambaya. Ina nufin wasu masu gyaran keke, da wasu 'yan gwangwan, da kai mai keke da aka kawo maka fitila a sulusin kuɗinta ka ce ka yi tsintuwa. Tsintuwar me? Ni ɗan kasuwa ne, na san kowa ya san kayan halal da farashinsa. Abokin ɓarawo ɓarawo ne. Dokar ƙasar ma, sashe na 427 na kundin laifuffuka, ta tanadi ɗauri ga mai karɓar kayan sata yana sane.

Sannan mu tuna a ina muke zaune. Nan Ibadan ce, ba Kano ba. Ranar da yaronmu ya kwance madubin keken Bayarabe a Mokola aka yi ihun "ole", ba sunansa za a kira ba, Hausawa za a ce. Duk mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, 'yar hatsaniya tsakanin mutane ƙalilan ta zama asarar rayuka da ƙona shaguna. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Don haka ga abin da nake kira a yi. Shugabannin masu gyara da na 'yan gwangwan su zauna gaban Sarkin Hausawa su yi alkawari: ba sayen kayan keke daga hannun yaro, babba kuma sai da wanda ya san shi. Kwamitin kowane masallaci ya ware wurin ajiye kekuna, a riƙa sa ido musamman ranar Juma'a da lokacin tarawihi. Mai keke, in ɓera na da sata daddawa ma na da wari: sayi kwaɗo, ka shiga da famfonka da fitilarka. Uba kuwa, ka ga ɗanka da sifana a aljihu alhali ba ya koyon gyara, tambaye shi.

Wanda aka kama kuma, kada a taru a kansa da duka. A kai shi ga iyayensa da shugabanni, in ya ƙi ji a miƙa wa hukuma, tare da wanda ya saya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mu da cin haram. Amin.