Motar Alhaji da Kasuwar da Ba Ta Yarda da Kowa

Duk wanda ya saba bin layinmu a Unguwar Sarki da safiyar Asabar ya san baƙar motar nan da ake fitowa da ita daga gareji, a wanke ta, a goge, a tayar da ita ta yi gurnani na minti goma, sannan a mayar. Dodge Charger ce, mai silinda 8, kuma mai ita maƙwabcina ne, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya. Watanni uku da suka wuce, muna dawowa daga sallar Juma'a a Masallacin Sultan Bello, ya ce mini: "Malam, zan sayar da motar nan. Yara biyu na jami'a, ga kuɗin magani. Amma ba zan ba dillali ba." Na ce masa, "Alhaji, Allah ya sa albarka," a zuciyata kuwa na san ya ɗauko wa kansa aiki.

Irin waɗannan motoci 'ya'yan wani zamani ne na Amurka. A shekarun 1960, lokacin da fetur ke da arha a can, kamfanoni suka shiga gasar cusa ƙaton inji a cikin mota madaidaiciya domin samari masu son gudu. A 1964 aka fito da Pontiac GTO da Ford Mustang, sauran suka biyo baya. Da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a 1973, kasuwarsu ta faɗi warwas, sai bayan shekaru masu yawa ta farfaɗo. Ta Alhaji daga wannan farfaɗowar ta fito: injinta lita 5.7, ƙarfin doki kusan 370, tankinta na cin lita 70, kuma a cikin gari da ƙyar lita ɗaya ke kai ta kilomita 7. Abin da ya sami Amurkawa a 1973 shi ya same mu ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Tankin da ake cikawa da ƙasa da naira 14,000 ya koma cin naira 70,000 lokacin da lita ta kai naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mota irin wannan sai ta koma doki mai tsada a gidan da hatsi ya yi ƙaranci.

To amma ba tsadar mai ce ta fi ɓata wa Alhaji rai ba. Ya san da wannan, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne yadda kasuwa ta ƙi ganin bambanci tsakanin motarsa da kowace irinta. Mutumin nan yana da wani littafi mai baƙin bango, wanda a ciki ya rubuta ranar kowane juyen baƙin mai, da abin da mita ke nunawa a ranar, da rasit ɗin kowane kaya da ya canza. Bakanike ɗaya ke taɓa ta tun da ta shigo hannunsa. Ba ta taɓa karo ba, ba a taɓa sauke injinta ba, fentinta na kamfani ne. Dillalai uku da suka ji labari suka zo, suka zagaya ta, suka bubbuga taya da ƙafa, kowannensu ya yi tayin da bai wuce abin da ake sayar da wadda ta sha wuya ba. Da ya miƙa wa ɗayansu littafin, ko buɗewa bai yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ma haka yake cewa tasa lafiya lau take."

Maganar ta yi zafi, amma dillalin bai yi ƙarya ba. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi rubutu a kan wannan matsala a 1970, kuma da kasuwar tsofaffin motoci ya buga misali. Aikin na cikin abin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 2001. Bayaninsa mai sauƙi ne. Mai sayarwa ya san cikin motarsa, mai saye bai sani ba. Tunda mai saye ba zai iya bambance ta gari da ta banza ba, sai ya yi tayin tsaka-tsaki domin ya kare kansa. Wannan tayi riba ne ga mai ruɓaɓɓiyar mota, asara ne ga mai ta gari. Sai mai ta gari ya ce albarka, ya mayar da motarsa gareji, kasuwa ta rage daga ruɓaɓɓu sai ruɓaɓɓu, mai saye ya ƙara rage tayi. Wanda ya taɓa sayen motar da aka mayar wa mita baya, ko wadda ruwa ya ci a ƙasar waje aka wanke ta aka turo, bai buƙatar a karanta masa Akerlof.

A da Kaduna ba ta san wannan ciwo sosai ba. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, motar gari ita ce 504, daga baya 505. Kowane bakanike ya san ta ciki da bai, kayanta na nan zube a Panteka, kuma idan za ka sayi ta hannu, sau da yawa ka san ma'aikatar da ta yi gwanjonta ko gidan da ta fito. Da 'yan Kwatano suka cika ƙasa, sai muka koma sayen motocin da tarihinsu ya rage a wani gari da ba mu taɓa jin sunansa ba. A nan ne dillali ya ƙara daraja, domin ba mota kaɗai yake sayarwa ba, har da fuskarsa: idan ciniki ya ɓaci, akwai wanda za a je a kama. Don haka ban yarda da masu yi wa dillalai kuɗin goro ba. La'adarsu halal ce idan an san ta. Abin ƙi shi ne wanda zai karya kayanka a gabanka, ya koma bayan gida ya ɗora nasa a kai, ko ya turo abokinsa ya yi tayin ƙarya domin a ruɗi wani, abin da malaman fiƙihu suka daɗe da haramtawa.

Wanda ya cire dillali, to ya ɗauki aikin dillali a kansa, kuma a nan na ga abin da ya sa na zauna yin wannan rubutu. Ɗan Alhaji ya ɗora hotunan motar a Facebook da WhatsApp, waya ta fara ruri. Wani ya ce yana Legas, zai turo kuɗi yanzu, direbansa ya zo ya ɗauka. Wani ya turo hoton alat na bogi, yana rantsuwa cewa matsalar banki ce ta sa kuɗin bai faɗo ba. Samari biyu suka nemi a ba su makulli su ɗana ta zuwa Kawo su dawo. Alhaji ya kafa sharuɗɗansa: ba a gida za a ga mota ba, sai a garejin bakanikensa, da rana tsaka, ba wanda zai tuƙa ta sai ɗansa na zaune a gefe, makulli ba ya barin hannunsa sai ya tabbatar daga bankinsa cewa kuɗi sun zauna. Ya kuma haɗa takardun kwastan da lasisi da inshora, lambar shasi ta dace da abin da ke rubuce, ya tanadi yarjejeniyar sayarwa da shaidu biyu. Ya nace a kan sai an canza sunan mai mota, kuma yana da gaskiya, domin motar da ta bar hannunka da sunanka, duk ta'asar da aka yi da ita ƙofarka 'yan sanda za su fara ƙwanƙwasawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake fara magana da kowane mai saye: da aibin motar. Yakan ce iyakwandishan ɗinta na rage sanyi idan an daɗe a cunkoso, gindinta na dukan ƙasa a kan manyan tudun rage gudu, kuma wasu kayanta sai an yi oda daga Legas ko waje a jira makonni. Na taɓa ce masa, "Alhaji, kana korar kasuwa." Ya ce, "Malam, wanda wannan zai kora, gara ya tafi yau da ya dawo mini da rigima gobe." Mutum huɗu suka juya saboda haka.

Na biyar wani injiniya ne daga Zariya, wanda shekarunsa ba su wuce arba'in ba. Ya zo da nasa bakaniken da na'urar duba inji. Suka shafe awa uku, suka ɗaga motar, suka leƙa ƙarƙashinta, shi kuma ya zauna a kan benci yana bin littafin nan shafi-shafi, yana gwada kwanan wata da rasit. Da bakanikensa ya zo ya raɗa masa cewa iyakwandishan na da 'yar matsala, sai ya yi dariya ya ce, "Ai Baba ya faɗa mini tun a waya." Tayinsa ya ɗara na dillalai nesa ba kusa ba, ko da yake bai kai abin da Alhaji ya sa a ransa ba. Kwana biyu Alhaji na juya maganar kafin ya sallama.

Ranar da za a tafi da ita, injiniyan ya roƙi a haɗa masa da littafin. Alhaji ya ɗan yi jim, ya shiga cikin gida ya ɗauko biro, ya rubuta kwanan watan ranar da abin da mita ke nunawa a layin ƙarshe, sannan ya miƙa masa. Yanzu wata ƙaramar Toyota ce ke kwana a garejin, kuma na ga ya saya mata sabon littafi.