Zuwa Ga Malamanmu Masu Rubuta Wasiyya Da Rabon Gado

Malamai na Ikara da Makarfi da Kudan,

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, wadda kuke yawan ji a bakin dattijo idan ciwo ya kwantar da shi: "Fadamata na bar wa jama'ar gari." Malam ya rubuta yadda ya ji, a shafa fatiha. Ana share makoki sai 'ya'ya su taso, su ce jama'ar gari har da attajirin da ke loda rake mota-mota a Makarfi, to ina sadaka a nan?

Kun fi ni sanin cewa wannan hujja ba ta rushe wasiyya. A Malikiyya waƙafi yana inganta ko da mawadata za su ci moriyarsa. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina, mai shi da marar shi duk sun ɗiba. Turawa ma sun sha wannan gardama: a 1932 kotu a Ingila ta karɓi wasiyyar wani da ya bar dukiyarsa ga ƙasarsa Ingila kurum, ta ce aikin alheri ne.

Ɓarakar tana wajen rubutu. "Na bar wa jama'a" fuska biyu gare ta. Sayar da fadamar za a yi a raba kuɗin, ko tsare ta za a yi, a riƙa noma tumatir ana gyara rijiyar burtsatse da abin da aka samu? Ta farko kyauta ce mai ƙarewa, ta biyu sadaka mai gudana. Ku tambayi dattijon tun yana iya magana, don ranar rabo ba ya nan. Wace jama'a kuma? Garin Hunƙuyi, ko unguwarsa, ko masu salla a masallacin ƙofar gidansa? Wa zai riƙe amanar, idan ya rasu wa zai gaje shi? A rubuta iyakokin gonar gabas da yamma, kudu da arewa, a gaban shaidu biyu adalai, mai unguwa ya sani.

Sai sulusi. Bayan likkafani da bashi ake lissafa shi, abin da ya haura kuma sai magada sun yarda. Ko da ya kira abin waƙafi, muddin a ciwon ajali ya yi shi, hukuncin wasiyya ne. Wanda kuwa ya yi waƙafi da lafiyarsa amma ya ci gaba da noma abarsa har ya rasu, ba a karɓa daga hannunsa ba, gona ta koma gado. Wannan ce nake roƙo ku riƙa faɗa wa masu hali tun suna tsaye da ƙafarsu, ko da ba za su ji daɗi ba.

Takardar kuma kada ta kwana cikin gafakar malam ita kaɗai. A kwafa uku: ɗaya wajen mai riƙon amana, ɗaya wajen babban ɗa, ɗaya a kai gaban alƙali.

Wassalam.