Lissafin Dasha Bai Cancanci Sunan Kimiyya Ba

A ƙasar Indiya, ra'ayin da ya yi kaka-gida tsakanin masu duba da taurari da masu zuwa wurinsu shi ne cewa dasha, wato rabon shekarun mutum tsakanin taurari tara da ake cewa kowanne yana mulkarsa na wani zamani, kimiyya ce tsantsa, tunda lissafinta yana faɗin ranar da mulki zai sauya. Wannan ra'ayi ba shi da madogara.

Tsarin da aka fi bi, Bimshottari, wanda ake dangantawa da littafin Farashara, ya ƙayyade zagayen rayuwa a shekara 120, ya ba Zuhura 20, Zuhalu 19, Rahu 18, rana kuwa 6 kacal, ba tare da wannan rabo ya dace da tafiyarsu a sama ba, balle ma Rahu da Ketu, biyu daga cikin taran nan, ba taurari ba ne, mahaɗar hanyar wata da ta rana ce. Ana gano mai mulkin farko daga masaukin da wata yake ciki lokacin haihuwa, cikin masaukai 27 masu faɗin digiri 13 da minti 20 kowanne, kuma tazarar da ta rage masa ya fita ita ke nuna ragowar shekarun mulkin.

A nan ne gizo ke saƙa. Wata yana ƙetare masauki cikin kusan kwana guda, saboda haka idan aka yi kuskuren sa'a ɗaya wajen rubuta lokacin haihuwar wanda ya faɗo a masaukin Zuhura, jadawalinsa kacokan ya goce da kimanin wata goma. Sannan su kansu masu duban ba su daidaita kan ayanamsha ba, wato gyaran da ake yi saboda gocewar mafarin buruji, domin ma'aunin Lahiri ya bambanta da na Raman da fiye da digiri ɗaya, abin da ke kawo wa wannan mutum saɓanin kusan shekara biyu. Kwamfuta ba ta raba wannan gardama, saurin ƙidaya kawai ta ƙara.

Da masanin sararin samaniya Jayant Narlikar da abokan aikinsa suka gwada masu duba a birnin Pune a 2008, inda aka nemi su bambance yara haziƙai da masu naƙasar ƙwaƙwalwa ta hanyar taswirar haihuwa kaɗai, su 27 da suka ba da amsa sun dace da kashi 46 cikin ɗari ne, ƙasa da rabin da ake sa ran samu daga canki-canka.