Igiyar Waya Ta Zama Kunne a Ƙarƙashin Teku

Mutumin Wudil da bai san wani ruwa ba sai kogin da ke bi ta ƙarƙashin gada zai ce ina ruwansa da teku. To, a tuna da ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, da igiyoyin waya huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku suka tsinke daura da Kwaddebuwa. Bankuna suka rikice, aika kuɗi ta waya ya yi wuya, ga shi kuwa gari na wayewa Juma'a, ranar kasuwar shanu. Kamfanin MainOne ya ce motsin ƙasar teku ne ya jawo haka.

Abin mamaki, igiyar nan tana iya jin motsin. Cikinta zaren gilashi ne siriri kamar gashi, haske ke bi ta ciki da saƙo. In aka harba haske, kaɗan daga cikinsa yakan komo baya. Da ƙasa ta motsa sai zaren ya ɗan miƙe, komowar hasken ta sāke, na'ura kuwa ta nuna daidai wurin. A 2018 masana a Amurka suka gwada haka a tekun Monterey. Igiya mai kilomita 20 ta zama tamkar kunnuwa 10,000, cikin kwana huɗu suka ji girgizar ƙasa, suka kuma gano tsage-tsagen da ba su a taswira.

Ba ma sai an jira girgiza ba. Raƙuman ruwa in sun yi karo sukan danna ƙasar teku, sai ta riƙa wani ɗan kaɗawa dare da rana. Da can masana suna ɗaukar wannan gunaguni datti ne mai ɓata awo. Yanzu da shi suke aune-aune, gama yana gudu cikin dutse, yana nawa cikin laka, ta haka ake sanin gangaren da tsaiwarsa ba ta da ƙarfi.

Mu fa a ƙofar gidanmu abin yake. Tun 1962 wani masani, Jack Oliver, ya ba da labarin wani bugu da ƙasa ke yi kowace daƙiƙa 26, wanda na'urori ke ji har wasu nahiyoyi. Daga baya aka bi sawunsa har Tekun Gini, kusa da tsibirin Sao Tome. Wasu sun ce raƙuman ruwa ne, wasu sun ce aman wuta, gardamar ba ta ƙare ba. Ashe ba abin kunya ba ne a ce baƙi ke sauraron bugun tekunmu, alhali igiyoyi sun fi biyar da suka sauka Ikko?

Shawararmu ita ce, duk kamfanin da Gwamnati za ta ba iznin sauke igiya a gaɓarmu, a sa masa sharaɗin ba masananmu damar sauraro. Abin da aka auna a aika wa cibiyar binciken motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauci, da jami'o'i, har da Jami'ar Aliko Ɗangote ta Kimiyya da Fasaha a nan Wudil. Aikin lissafi ne da kwamfuta, ba ya bukatar jirgin ruwa. Wannan kuwa ya komo kan malaman makaranta, don yaron da bai ƙware a lissafi tun daga firamare ba, ko an miƙa masa awon ba zai iya karanta shi ba.