Hoton kwalliya a bakin marina: Wa ke cin ribar tsufan birnin Kano?

Wani sabon yayi ya shigo tsakanin matasanmu masu ɗinki da masu ɗaukar hoto, wanda ya kamata a tsaya a dube shi tun bai zama jiki ba. A da, idan tela ya ƙare ɗinkin da yake alfahari da shi, ɗakin hoto ake nufa, a tsaya gaban labule mai zanen furanni. Yanzu kuwa cikin birni ake shiga. Za ka ga an tsayar da saurayi cikin babbar riga a jikin ganuwar da ruwan sama ya zaizaye, ko budurwa cikin leshi a wani lungu na Kasuwar Kurmi, ko kuma, wanda ya fi yawa, a bakin ramukan marinar Ƙofar Mata, dattijo na tsugune a baya yana tsoma zane a baba. Kafin magariba hoton ya hau Instagram, masu yabo na ta yabo.

Ba na cikin masu ganin wannan abu ɓarna ce daga tushe. Shekaru da dama 'yan bokonmu sun ɗauki cikin birni a matsayin wurin da ake gudu, a koma Nassarawa ko Bompai, ba a leƙowa sai ranar hawan Sallah ko ta'aziyya. Idan 'ya'yansu sun dawo da kyamara sun ga kyau a jikin jan bango da ƙofar zaure, wannan ci gaba ne. Damuwata ita ce yadda ake raba amfanin.

Mu ɗauki Ƙofar Mata. An ce tun 1498 ake rini a wurin, wato a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Marini yakan haɗa baba da toka da ruwa a cikin rami mai zurfi, ya jira kwanaki har haɗin ya nuna, sannan ya riƙa tsoma zane yana fitarwa ya sha iska, domin iskar ce ke mayar da launin daga kore zuwa shuɗi. Daga nan sai wajen masu bugu, su yi ta dukan zanen a kan gungume har ya yi ƙyalli. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a nan suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu. Rawanin ɗan Kura da Buzaye ke naɗawa daga wannan ƙasa yake fita. Yau kuwa ramuka da yawa sun cike da shara, masaƙun Sharaɗa da Challawa galibi sun rufe, kuma Kantin Kwari ya cika da yadin da aka buga a Sin, har da mai kwaikwayon zanen rinin gargajiya.

To, mai karatu, dubi abin da ke faruwa a hoton. Sau da yawa rigar da ake tallatawa daga wancan yadi na waje aka ɗinka ta, wato kayan da suka durƙusar da sana'ar marini su ne ake kawowa bakin raminsa domin su yi kwarjini. Hannunsa da baba ta rine, da tsufansa, da ramin da ya gada, duk sun zama ado ga hajar wani. A ƙarƙashin hoton za a rubuta sunan tela, da mai hoto, da mai kwalliyar fuska, har da wanda ya ba da aron takalmi, amma ban da sunan dattijon. Abin da yake samu bai wuce na goro ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba mu muka fara wannan ba. A 2008 mujallar Vogue ta ƙasar Indiya ta buga hotunan talakawa riƙe da kayan alfarma: wani jariri sanye da ƙyallen wuya na Fendi, wani mutum kuma riƙe da lemar Burberry. An faɗi sunan kowace haja, mutanen kuwa ba a ambaci sunansu ba. Duniya ta yi caa a kai. Bambancin kawai shi ne, a nan ɗan gida ne ke yi wa ɗan gida, shi ya sa ba a cika jin zafin abin ba.

Akwai kuma batun izini. Lungunan Dala da Jakara da Yakasai gidajen mutane ne. Zaure yana da hurumi a al'adarmu, kuma matar da ta fito ɗiban ruwa ko almajirin da ke riƙe da ƙoƙonsa ba su amince su bayyana a tallar kowa ba. Wanda ba zai yarda a kafa kyamara a ƙofar gidan mahaifinsa ba tare da sallama ba, bai kamata ya yi wa wani haka ba don kawai bangon gidan na ƙasa ne. Ita ma ganuwa, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa, kuma take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, ba dandamali ba ce. Abin da ya rage nata ƙasa ce mai marmashewa, kowane takalmi da ya hau ta yana rage wani abu.

Gyaran ba shi da wuya. Telan da ke son hotonsa a Ƙofar Mata ya sayi yadinsa a Ƙofar Mata, ko da kashi ɗaya ne na kayan da zai nuna, ya kuma rubuta sunan marinin da na mai bugun kusa da nasa, yadda mai saye a Legas ko Landan zai san inda zai aika oda. A yi ciniki da shugabannin marinar a fili kan kuɗin shiga wurin da kyamara don kasuwanci, a ware wani abu na yashe ramukan da suka mutu. A sallama wa mai unguwa kafin a shiga lungu. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, tare da masu kula da Gidan Makama, za su iya tsara wannan a takarda guda, su liƙa a ƙofar kowane wuri.

Wasu za su ce hoton da kansa talla ce ga marina, don haka an biya. Sai dai tallar da ba ta ɗauke da suna ko adireshi, masu zuwa ɗaukar irin hoton kawai take ƙara kawowa, shi kuwa marini mai sayen zane yake jira.