Wa zai auna kwalbatin Sabuwa?

Duk lokacin da wani reshe na Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, wato NSE, ya shiga makonsa na shekara, ba sai an karanta maka jadawalin ba. Da sassafe a yi tattaki cikin riguna iri ɗaya, a kai ziyarar ban girma fadar sarki da ofishin kwamishinan ayyuka, a saurari lacca, a buga ƙwallo, sannan a cika bas a tafi ziyarar gani da ido. A can za a sa hular kwano da riga mai ƙyalli, a jeru gaban wani katafaren aiki a ɗauki hoto. Daren ƙarshe kuma na liyafa ne da rabon lambobin yabo. Irin waɗannan hotuna ne suka sake karakaina a Facebook cikin 'yan kwanakin nan, su ne kuma suka fama mini tsohon miki. Ba ni da ja da tattaki ko ƙwallo, domin mutumin da ke yini a rana tsakanin rodi da siminti ya cancanci ya huta ya sada zumunci da abokan sana'arsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda bas ɗin ke dosa, da kuma abin da ake dawowa da shi.

A Jihar Katsina wuraren da ke yi wa hoto kyau sanannu ne: fankokin lantarki na Lambar Rimi, madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma, ta Ajiwa da ke shayar da birnin Katsina, da tashar kaya ta kan tudu a Funtua. Duk waɗannan ayyuka ne da tun farko suke da zane, da kamfanin da ya sa ido, da injiniyoyin da ke cin albashi a kansu. Ziyarar yini ɗaya ba ta ƙara musu komai. Aikin injiniya da talakan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa yake taɓawa da hannunsa kullum wani iri ne daban: kwalbatin da ke kan hanyar kasuwa, rijiyar burtsatsen unguwa, ajujuwa biyu na firamare, fitilar sola a bakin masallaci, taransifomar da aka kafe a kan bulo. Ƙanana ne idan aka ɗauke su ɗaya-ɗaya, amma in an tara kuɗinsu a mazaɓar tarayya guda cikin zango ɗaya na majalisa, ba ƙaramar dukiya ba ce. Kuma su ne suke mutuwa ba tare da kowa ya rubuta dalilin mutuwarsu ba.

Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya karanci fannin. Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama nesa ba kusa ba, shi ya sa masara da auduga suka karɓi yankin. To amma kwalbatin da aka zana a ofis a Abuja ko Katsina, aka ce a zuba irinsa ko'ina, bai san wannan ba. Ana auna bakin kwalbati ne da faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa zuwa gare shi. In bakin ya yi kaɗan, ruwan watan Agusta zai bi ta gefe ya cinye ƙasar da ke riƙe da shi, kafin kaka hanya ta yanke, mai masara ya koma ɗaukar buhu a babur da ninkin kuɗi. Haka rijiyar burtsatse. Ƙarƙashin wannan yanki tsohon dutse ne mai tauri, ruwa yana maƙale ne a tsagoginsa da kuma ruɓaɓɓen samansa. Wanda ya haƙa ba tare da an auna wurin da na'ura ba caca ya yi, kuma sau da yawa ba binciken ƙasa ke zaɓar wurin ba, ƙofar gidan mai faɗa a ji ce ke zaɓa. Fitilar sola kuma batir ne ranta. In an sa mai araha, wata shida ya yi yawa. Ga kwangilar da ke sauka daga hannu zuwa hannu, kowa ya gutsiri nasa, har ta iso ga birkilan da aka ba buhun siminti ɗaya aka ce ya fitar da bulon da ya kamata buhu biyu su fitar. Bayan duk wannan, akwai wanda ya sa hannu a takardar cewa aiki ya kammala, aka biya kuɗi. Mai wannan sa hannun, a ƙa'ida, injiniya ne.

Nan ne hujjata take. Babu wata ƙungiya a jihar da take da ilimin gane wannan ɓarna da idon da za a yarda da shi kamar ƙungiyar injiniyoyi. Ɗan jarida zai iya cewa kwalbati ya rufta, ɗan adawa zai iya cewa an ci kuɗi, amma injiniya ne kaɗai zai ce rodin milimita 10 aka sa inda zane ya ce 16, a kuma rasa bakin musu. Ba sabon abu nake ƙirƙira ba. Ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka tana fitar da rahoton maki a kan hanyoyi da gadoji da ruwan ƙasarta tun 1998, takwararta ta Afirka ta Kudu ta fara a 2006, ita kanta NSE ta fitar da irinsa na ƙasa baki ɗaya a 2015. Abin da ya rage shi ne a sauko da shi ƙasa, inda makin zai ɗauki sunan gari da sunan hanya. Bas ɗaya, mutum 20, awon tef da kyamarar waya sun isa a duba ayyuka 30 tsakanin Sheme da 'Yankara da Daudawa, a buga shafi huɗu da Hausa a karanta a rediyo.

Masu bin wannan fili sun san ra'ayina a kan lambobin yabo, kuma ba zan fasa maimaitawa ba. Ƙungiyar da aka kafa tun 1958, kafin ƙasar ta samu 'yancin kai, ba ta da uzurin mayar da darenta mafi girma wurin miƙa wa masu riƙe da baitulmali allon katako mai ƙyalli. Hannun da ya miƙa wa mutum lambar "gwarzon ayyukan raya ƙasa" da daddare ba zai iya rubuta cewa gadarsa ta tsage da safe ba. Wannan ciniki ne, ko da ba a ambaci farashi ba: shi ya ɗauki nauyin abinci da ɗakin taro, ku injiniyoyi kun ɗauki nauyin yin shiru. Sannan a dawo ana kukan cewa an raina sana'a, kowane mai gyaran janareto ya zama Injiniya wane. To wa ya zubar da darajar sunan? Mai gyaran janareto dai in bai gyara ba ba a biyansa.

Za a ce tsaro, kuma wannan magana ce mai nauyi. Ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Su injiniyoyi ma suna da nasu tabon: a Rimi aka sace Francis Collomp, Bafaranshen da ke aikin fankokin lantarki, a Disamba 2012, bai kuɓuta ba sai bayan kusan shekara guda. Ba na cewa a cika bas a nufi dajin da ke tsakanin Sabuwa da Birnin Gwari. Amma a lura da wani abu: rashin tsaro bai taɓa hana bayar da kwangila a waɗannan wurare ba, bai kuma hana biyan kuɗinta ba. Abin da ya hana kawai shi ne dubawa. In ɗan kwangila zai iya kai siminti, in 'yan siyasa za su iya zuwa yanke ƙyalle da rakiyar jami'an tsaro, ban ga dalilin da mai awo kaɗai zai zama shi ne ba ya iya zuwa ba. Kalmar "ba a shiga" ta zama bargon da aikin banza ke lulluɓa da shi. Ga shi kuma ba lallai sai baƙi sun zo daga Katsina ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen ayyuka, akwai 'yan asalin yankin da suka karanta fannin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Hassan Usman Katsina, suna zaune a garuruwansu, wasunsu ba aikin yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A koya musu cike takardar dubawa, su aiko da hoto da awo, manya su tantance su sa hannu.

Wasu za su ce wannan aikin COREN ne, hukumar da ke kula da sana'ar injiniya a ƙasa, wadda aka kafa a 1970, aka kuma ƙara mata ƙarfin bincike da gurfanarwa a gyaran dokar da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019. Haka ne, amma hukuma ba ta hukunta abin da ba a kai gabanta ba. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce wadda ba a faɗa a fili: yawancin 'yan ƙungiyar a jihohinmu ma'aikatan gwamnati ne ko masu neman aiki a wurinta, kuma ba wanda ke son a mayar da shi teburin da ba fayil. Na yarda tsoron gaskiya ne. Sai dai amfanin ƙungiya ke nan tun asali, ta faɗi da sunanta abin da mutum ɗaya ba zai iya faɗa da nasa ba. Akwai waɗanda suka yi ritaya, akwai malaman jami'a, babu mai iya canza musu wurin aiki. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yuli 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, in har hakan ya tabbata a aikace, ƙananan ayyuka za su ƙaru, masu dubawa kuwa ba su ƙaru ba.

In ma lallai sai an je wurin da ke da girman da zai cika hoto, yankin yana da shi. Madatsar ruwa ta Mairuwa da ke shayar da Funtua tana cikin ƙasar Faskari, ta kuma haura shekara 50. Bayan abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumba 2024, kowace tsohuwar madatsa a Arewa tana buƙatar wanda zai taka bangonta da ƙafa, ya duba mafitar ruwanta, ya auna laka nawa ta taru a cikinta, ya faɗa wa mutanen da ke zaune ƙasa da ita abin da ya gani. Farar ƙasar Ƙanƙara, wadda ake yin fenti da tangaran da magani da irinta, har yau yawanci ɗanyarta ake lodawa a fita da ita, kuma tambayar yadda za a wanke ta a tace ta a wurin tambaya ce ta injiniya. Lokacin da ya dace da irin wannan dubawa ma yana nan: ranar 4 ga Maris ce UNESCO ta ware wa aikin injiniya a duniya. A ƙasarmu wannan lokaci rani ne, rafuka sun ƙafe, ana iya shiga ƙarƙashin kowane kwalbati a ga cikinsa, kuma akwai sauran wata biyu zuwa uku a gyara abin da aka gani kafin ruwa ya sauka.